Kwana uku a Amritsar, garin da ake zaɓen masu riƙe da makullin wurin ibada

Jinya ce ta kai ni Indiya a watan Nuwamban 2023. Yayana aka rubuta wa aikin gwiwa a wani asibiti da ke Delhi, 'yan'uwa suka ce ni zan raka shi tunda ina ɗan jin Turanci. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauya jirgi a Addis Ababa, washegari da safe muka sauka Delhi. Jami'in shige da fice ya fi daɗewa a kan katin rigakafin shawara da takardar asibiti fiye da fasfo ɗin kansa, sannan ya buga mana hatimi. Makonni biyun farko babu labari a cikinsu: daga ɗakin haya sai asibiti, daga asibiti sai kantin magani.

Abu ɗaya ne ya riƙa tsayar da ni a bakin ƙofar asibitin. Kullum da azahar wata mota takan zo, mutane masu rawani da dogon gemu su sauko da manyan tukwane, su yi ta zuba wa majinyata da masu jinya shinkafa da miyar wake. Ba sa tambayar sunan kowa, ba sa karɓar ko sisi. Ni kuma shekara tara ke nan ina riƙe da asusun masallacin unguwarmu, na san yadda ake fama kafin a haɗa kuɗin man janareta na wata guda. Don haka tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce wa yake biya. Na yi wa ɗaya daga cikinsu ita, wani magidanci mai shuɗin rawani. Ya ce su mabiya addinin Sikh ne, wannan abincin sunansa langar, kuma idan ina son ganin tushen abin in tafi Amritsar. Da ɗan Yaya da ke karatu a can ƙasar ya samu hutu ya zo ya karɓe ni, sai na faɗa wa Yaya abin da ke raina. Ya ce, "Je ka gano mana, amma ka kula da sallarka da abin da za ka sa a bakinka."

Jirgin ƙasa na shiga daga tashar New Delhi da misalin bakwai da 'yan mintuna na safe, tikitin kujera ya ci mini kusan rupi 1,000, har da shayi da karin kumallo a ciki. A ƙofar tasha ana sa jaka a na'urar bincike kamar a filin jirgin sama. Tafiyar kilomita 450 ce ko kusa da haka, awa shida, ta Ambala da Ludhiana da Jalandhar. Tun daga Delhi sama a rufe take da wani hazo da na ɗauka irin namu ne na hunturu, sai maƙwabcina a kujera ya nuna mini gonaki ta taga. An girbe shinkafa, manoma na cinna wa karan wuta don su yi saurin shuka alkama, hayaƙin ne yake tafiya har Delhi. Jihar Punjab shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, ko'ina rijiyar burtsatse da tarakta. Na tuna Kura da Kadawa, sai dai a nan tun daga Ambala har muka sauka ban ga fili ko ɗaya da aka bari ba noma ba.

A bakin tashar Amritsar masu a-daidaita-sahu suka yanyame ni, ɗaya ya ce rupi 200. Wani yaro ɗan makaranta ya ja hannun rigata ya nuna mini wata bas, ya ce kyauta ce, ta wurin ibada ce. Wannan bas ita ce farkon abin da na taɓa na hukumar da ta kawo ni garin. Sunanta Shiromani Gurdwara Parbandhak Committee, kowa yana taƙaita shi da SGPC. Gurdwara shi ne sunan wurin ibadarsu, ita kuma hukumar ita ke kula da manyan gurdwara na tarihi a Punjab da Himachal Pradesh da birnin Chandigarh.

Masauki ma nasu ne. A cikin harabar akwai gidajen baƙi da yawa, aka kai ni ɓangaren da ake sauke 'yan ƙasashen waje. Wani mai gadi mai riƙe da mashi ya karɓi fasfo ɗina, ya kwafe lambar biza a wani babban littafi, ya nuna mini gado da akwatin ajiya. Ba a yanka mini farashi ba, an ce in zan tafi in ba da abin da ya sauwaƙa. Ɗakin ba na jin daɗi ba ne, gadaje ne a jere, ga sanyi da dare, ga masu shiga da fita har asuba. Amma da tsabta, kuma akwai ruwan zafi.

Kafin ka shiga harabar sai ka cire takalmi da safa ka miƙa a wani dogon kanti, a ba ka lamba. Wanda ya karɓi nawa dattijo ne fari tas da gemu, sanye da agogo mai tsada, ya karɓa da hannu biyu. Daga baya na ji cewa masu wannan aiki da yawa 'yan sa-kai ne, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikatan gwamnati, suna kiran aikin seva. Sai rufe kai. Ina sanye da zanna bukar ɗita, amma aka miƙo mini ƙyalle ruwan goro aka ce in ɗaura, haka ƙa'idar take ga maza da mata. Taba ko giya ba sa shiga ko da a aljihu. Ka taka ruwa mai gudu a bakin matakala ka wanke ƙafa, sannan ka gangara, domin ginin a ƙasa yake da titi.

Na sha ganin hoton Harmandir Sahib, wanda Turawa ke kira haikalin zinariya, amma hoto ba ya nuna girman tafkin da ke kewaye da shi. Ginin kansa ƙarami ne, yana tsakiyar ruwa, siririyar gada ce ke kai mutum. Guru Ram Das, jagoransu na huɗu, shi ya fara haƙa tafkin, Guru Arjan na biyar ya gina ɗakin ya ajiye littafinsu a ciki a 1604, zinariyar kuma sarkin Punjab, Maharaja Ranjit Singh, ne ya lulluɓa a ƙarni na 19. Ƙofofi huɗu gare shi, ta kowace kusurwa, alamar kowa na iya shiga. Waƙen ibadarsu na fita ta lasifika tun kafin asuba har dare. Jama'a na faɗuwa su sa goshi a ƙasa. Ni na tsaya a tsaye, hannuna a gefe, kuma a kwana ukun nan ba wanda ya harare ni ko ya ce don me.

Ɗakin cin abincin ne ya fi riƙe ni. A ƙofa wani ya miƙo mini faranti na ƙarfe, na gaba kwano, na gaba cokali, duk ina tafiya ban tsaya ba. Aka buɗe zaure, muka shiga mu ɗaruruwa, muka zauna a kan dogayen tabarmi sahu-sahu a ƙasa. A damana wata tsohuwa ce da jikanta, a haguna wani mai kwat. Masu rabo suka biyo layi da bokitai: miyar wake da suke kira dal, ganye, shinkafa, da wani kunun shinkafa da madara mai zaƙi. Gurasarsu, roti, ba a jefa maka ita a faranti sai ka buɗe tafin hannu biyu ka karɓa. Babu nama ko kaɗan, wannan ya kwantar mini da hankali, don an riga an gargaɗe ni cewa yankan mabiya Sikh ba irin namu ba ne, kuma duk zamana a garin ban ci nama ba. Cikin minti goma sha biyar an gama, mun tashi, wasu sun bi da ruwa da abin goge ƙasa, wani rukunin ya shigo. Haka ake yi dare da rana. Mutum dubu hamsin zuwa dubu ɗari ke ci a wurin a kullum, gwargwadon rana.

Na zaga baya inda ake aikin. Mata da maza zaune a ƙasa suna ɓare tafarnuwa da albasa tuli guda, tukwanen da mutum zai iya kwanciya a ciki, injin da ke fitar da roti ba tsayawa, ga kuma ƙarar faranti a wurin wanki kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Na naɗe hannun riga na shiga layin masu wanki na kusan awa ɗaya. Faranti sai ya bi ta kwatami da yawa kafin a jera shi. A nan na haɗu da mutumin da ya buɗe mini abin da na zo nema, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Na ji ana ce masa Sardar ji, ni ma na bi. Shi kuma puttar yake ce mini, wato ɗana.

Da muka zauna shan shayi na faɗa masa aikina a gida, na ce ina so in san hannun da kuɗin nan ke bi. Ya yi murmushi ya ce in taso. Ya fara nuna mini akwatunan sadaka, golak, manya na ƙarfe a kulle. Ya nuna mini tagogin da mutum ke ba da gudummawa a yanka masa rasiɗi nan take, ko kuɗi ne ko buhun alkama. Ya ce manoma kan kawo hatsi da tarakta bayan girbi. Daga nan ya kai ni gaban wani farin gini mai suna Teja Singh Samundri Hall, ya ce nan ce majalisar.

Yadda ya bayyana mini, kujeru 191 ne. Guda 170 jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, mazaɓa-mazaɓa kamar zaɓen 'yan majalisa, kuma 30 daga ciki an keɓe wa mata. Sai 15 da zaɓaɓɓun ke ɗaukowa daga sauran sassan Indiya, sai shugabannin manyan kujerun addini biyar da ake kira Takht, da babban mai karanta littafi na Harmandir Sahib. Duk shekara majalisar na zaɓen shugaba da 'yan kwamitin zartarwa, kuma duk shekara ana karanta kasafin kuɗi a gabanta. Kasafin shekarar da na je ya haura rupi biliyan 11. Da shi ake biyan ma'aikata, a ciyar da jama'a, a gyara gine-gine, a tafiyar da makarantu da kwalejoji da asibiti, a buga littafinsu mai shafi 1,430. Shugaban a lokacin lauya ne, Harjinder Singh Dhami, yana kai tun 2021. Mace ma ta taɓa riƙe kujerar, Bibi Jagir Kaur, a 1999. Da na ji wannan sai da na sake tambaya don in tabbatar na ji daidai.

Na ce masa, "Sardar ji, wa ya kawo muku wannan tsari, Turawa?" Fuskarsa ta canza. Ya ce da jini aka saye shi. Kafin 1920 wuraren ibadar suna hannun wasu masu gadon kujera da ake kira mahant. Sarakuna sun ba wuraren filaye da gonaki, su kuma mahant da yawa suka mayar da su kamar gadon gidansu, gwamnatin Ingila na mara musu baya. Abin da ya fi ƙona ran mutane shi ne bayan kisan Jallianwala Bagh na 13 ga Afrilun 1919, inda sojoji ƙarƙashin Janar Dyer suka buɗe wuta a kan taron jama'a 'yan taku kaɗan daga nan, mai kula da Harmandir Sahib da gwamnati ta naɗa ya karrama Dyer ɗin. A Nuwamban 1920 aka taru a gaban Akal Takht, babbar kujerar addininsu da ke cikin harabar, aka kafa SGPC, wata guda bayan haka aka kafa jam'iyyar Akali Dal. A Fabrairun 1921 wani ayari ya je karɓar gurdwara ta Nankana Sahib, mahaifar Guru Nanak wanda ya kafa addininsu, wadda yanzu take cikin Pakistan. Mahant ɗin wurin, Narain Das, ya sa 'yan barandansa suka kashe su da yawa, aka ƙone gawarwakin.

Labarin makullai ne ya fi shiga raina, wataƙila saboda ni ma makulli nake ɗauka a aljihu. A ƙarshen 1921 jami'in mulkin Ingila na Amritsar ya ƙwace makullan taskar Harmandir Sahib. Mutane suka yi ta fitowa ana kama su, wasu na maye gurbinsu, har a Janairun 1922 gwamnati ta mayar da makullan hannun Baba Kharak Singh, shugaban hukumar. A Guru ka Bagh kuma, wata gurdwara kusa da Amritsar, a shekarar, ayari-ayari suka riƙa zuwa 'yan sanda na dukansu da sanduna har su faɗi, ba wanda ya rama. Dubbai sun shiga kurkuku kafin a yi dokar gurdwara ta 1925, wadda har yau ita ce ginshiƙin hukumar. Washegari da safe na hau gidan tarihin da ke cikin harabar na ga zanen waɗannan abubuwa a bango, na kuma taka zuwa Jallianwala Bagh na ga ramukan harsashi a jikin bulo, an zagaye kowanne da farin fenti.

Da a ce da dattijon kaɗai na yi magana, da na dawo da rabin labari. A daren na biyu na fita titin da ke kaiwa harabar na sayi kulcha, wata gurasa mai cushe da dankali da ake shafa wa man shanu, da kofin lassi, wato kindirmo mai kauri da sukari, duka rupi 150. Saurayin da muka haɗa tebur da shi mai gyaran waya ne, yana da awarwaron ƙarfe irin nasu a hannu amma ya aske gashinsa. Da na yaba masa tsarin zaɓensu sai ya girgiza kai. Ya ce, "Bhai sahab, tambaye su yaushe aka yi zaɓen ƙarshe." Wa'adin shekara biyar ne, amma tun 2011 ba a sake yi ba. Gwamnatin tarayya ce ke naɗa kwamishinan da ke shirya zaɓen, ga shari'o'i da suka riƙe al'amarin shekaru. Wasu mambobin sun mutu kujerunsu na nan wayam. Shi kansa ba shi da ƙuri'a, domin gyaran doka na 2016 ya cire waɗanda ba sa barin gashinsu daga masu zaɓe. A lokacin ana rabon fom na sabuwar rajistar masu ƙuri'a, ya ce babansa ya cike, shi ko kallo bai ishe su ba.

Ya ƙara da cewa jam'iyyar Akali Dal ta daɗe tana juya majalisar, kuma tunda hukumar ce ke naɗa shugaban Akal Takht, kujera mafi girma a addininsu, mutane na ganin siyasa na shiga inda bai kamata ba. Ya kawo maganar kwafi 328 na littafinsu da bincike ya gano a 2020 cewa ba a san inda suka shiga ba a lissafin hukumar. Mabiya Sikh na jihar Haryana ma sun ɓalle sun kafa tasu hukumar, kotun ƙoli ta tabbatar musu a 2022, Delhi kuwa tana da tata tun dokar 1971. Na tambaye shi ko gara a koma hannun masu gado. Ya ajiye kofinsa ya ce a'a, ko kusa. Abin da yake so a yi zaɓen a kan lokaci, a kuma ba shi ƙuri'arsa.

Wannan amsa ta hana ni barci fiye da sanyin ɗakin. Saurayin yana fushi da hukumar, amma ya san adadin kujerunta, ya san shekarar da wa'adinta ya ƙare, ya san dokar da zai kafa hujja da ita. Na auna da namu. Masallatanmu na unguwa yawanci wanda ya gina ne ke da ta cewa, in ya rasu 'ya'yansa, ko kuma kwamitin da aka naɗa tun ana saurayi har aka yi furfura. Mutanen kirki ne akasarinsu, da aljihunsu suke cike giɓi, na shaida haka. Amma wanda ya jefa naira ɗari biyu a asusu ran Juma'a bai san ranar da za a karanta masa lissafi ba, in ya tambaya kuma sai a ce yana zargin dattawa. Shagunan wakafi nawa ne a garuruwanmu da ba wanda ya san inda kuɗin hayarsu ke zuwa? Addininmu ya riga ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, ya tsara wakafi da mai kula da shi. Ban ga abin da zan aro daga aƙidar mutanen Amritsar ba, ina kan tawa. Littafin rasiɗinsu da wa'adin kujerarsu ne suka tsaya mini a rai, tare da gargaɗin saurayin nan cewa wa'adin ma ana iya danne shi shekara goma sha biyu.

Sallolina a ɗaki na riƙa yi, ban da azahar ɗin rana ta uku da na bi a masallacin Khairuddin da ke kasuwar Hall Bazaar. Musulmin garin kaɗan ne yanzu, yawancinsu sun ƙaura Pakistan a rabuwar 1947, iyakar ma kilomita talatin ce kawai daga nan. Wani mai sayar da yadi da muka yi sahu tare ya riƙe hannuna da ya ji daga Najeriya nake, ya ce shi ma in kasuwa ta yi tsit yakan je langar ya ci.

Kafin in tafi na je taga na ba da rupi 500 na masauki da abinci. Ma'aikacin ya tambayi sunana, ya rubuta, ya yage rasiɗin ya miƙo mini. Na nemi dattijon a wurin wanki don in yi masa sallama, na same shi hannunsa cikin kumfa. Ya ce, "Puttar, ka gaishe da yayanka, Allah ya ba shi lafiya." Duk tafiyar, da jirgi zuwa da dawowa da ɗan abin da na ci a waje, ba ta kai rupi 3,500 ba.

Na tarar da Yaya ya fara takawa da sanda. Bayan kwana goma muka dawo Kano. A zaman kwamitinmu na farko na fito da rasiɗin nan na ajiye a kan tabarma, na ba su labari, na kawo shawara biyu: a riƙa manna lissafin asusu a allon ƙofa duk ƙarshen wata, kuma kujerunmu, har da tawa, su zama na shekara uku, masu sallah a masallacin su zaɓa. Liman ya ɗauki takardar ya juya ta, ya tambaye ni ko da gaske kowa ake ba irinta. Ta farkon ta wuce a ranar, mun fara mannawa tun watan Janairu. Ta biyun Alhaji mai unguwa ya ce a bar ta sai bayan sallah a sake zama.